Sawu a Makiyayar Mujiya

Mu shida ne masu kai baƙi kallon tsuntsaye a bakin tafkin nan, kuma ba mu taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai wannan: ba a taka ciyawar mujiya. Kowa da makiyayarsa, kowace makiyaya da turkenta a bakin hanya. Bayan la'asar ka kawo baƙonka ka tsayar da shi a jikin turke, ku kafa madubin hangen nesa, ku kama bakinku. In rana ta yi sanyi mujiyar fadama za ta tashi da kanta daga cikin ciyawa, ta yi shawagi ƙasa-ƙasa tana neman ɓera. In ba ta tashi ba, ka ba baƙo haƙuri, ka nuna masa zalɓe da agwagin ruwa. Wanda aka kama ya shiga ciyawa ko ya tafa hannu don ya tayar da ita saboda masu hoto, Si Allal, jami'in da ke kula da gandun, zai karɓe katinsa na aiki, kuma ba mai roƙar masa.

Gonakin da ake rufewa da leda sun cinye makiyayu ɗaya bayan ɗaya. A shekarar da nake ba ku labari, mujiya biyu rak suka rage masu sheƙa, mace da namiji, kuma a makiyayata suke, wadda ke bayan gidanmu, inda mahaifina ya yi kiwon shanu. Bature zai taso daga ƙarshen duniya don ya ga wannan tsuntsuwa mai baƙin ido, to dole a zo turkena. Sauran biyar ɗin sai sun nemi izinina. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi mini daɗi, har tafiyata ta canja.

Ƙarshen watan Fabrairu, wata Juma'a da yamma, na kai wasu baƙi uku. Tun rana na sama macen ta tashi tana wani kuka mai kama da na kwaɗo, ta sauka, ta sake tashi. Jikina ya ba ni. Washegari na ɗauko Si Allal, don sai da shi doka ta yarda a leƙa sheƙa. Muka ratsa kyauro muka shiga. Ramin ciyawar na nan yadda ta saƙa shi, amma ƙwai huɗun da muka gani makon jiya babu ko ɗaya.

"Kare ne ko dila," in ji Si Allal.

"Kare yana cin ƙwai ya haɗiye ɓawon har ya share wurin? Si Allal, dubi nan."

A cikin laka, taku biyu daga sheƙar, ga sawun takalmin roba, ƙato, da faci a diddigen hagu irin wanda ake yi da robar taya. Si Allal ya durƙusa ya duba, sannan ya nuna mini wani sawun can gefe, na ƙafa ba takalmi, ƙarami.

"Wannan fa?"

"Masu yankan ciyawar tabarma ne, ko'ina sawunsu yake. Wace mace ce za ta kusanci mujiya? Ko sunanta ka ambata sai sun tofar da yawu."

Daga ranar na zama mai duba ƙafar mutane. In mun gaisa da mutum, idona na kan diddigensa. A ƙofar masallaci sai na yi kamar takalmina ya ɓace don in jujjuya na jama'a. A gidan shayin Kaddur, inda muke zama jiran baƙi, na koma kujerar bakin ƙofa. Kaddur ya lura, shi kuwa ba ya ganin abu ya bar shi.

"Jilali, in gyaran takalmi ka koma ka faɗa mana, nawa ma ya ɓule."

Aka yi dariya, ban yi ba. Na zargi abokin aikina Mulud saboda yana da abokai masu sayar da kayan bokaye a kasuwar Laraba. Na zargi Ayyad, shi ma ɗaya daga cikinmu, saboda ya taɓa cewa mujiya ba gadon uban kowa ba ce. Har wani Bature mai dogon madubi na bi a baya kwana biyu, ashe bawan Allah tsuntsayen bakin teku yake ƙirgawa.

Rana ta biyar Bushta ya shigo daga kamun kifi, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga facin nan yana kallona.

Bushta shi ya koya mini aikin nan. Shi ya fara ɗora mini madubi a ido, shi ya koya mini in gane tsuntsu daga tashinsa kafin in ga launinsa. Baba Bushta nake kiransa shekara goma sha takwas. Amma makiyayarsa ce ta farko da leda ta cinye, kuma bana sau uku yana zuwa da baƙinsa turkena yana tsayawa a bayana kamar yaro. Nan take na haɗa lissafina: baƙin ciki ne.

"Bushta," na ce, ban sa Baba ba. "Ɗaga ƙafar nan kowa ya gani."

Ya dubi takalmin, ya dube ni. "Sayen sa za ka yi? Ya yi maka yawa."

"Ka shiga makiyayata ranar Juma'a ko ba ka shiga ba?"

Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali. "Na shiga."

"Kun ji da kunnenku! Ina ƙwan?"

"Ban ɗauka ba."

"To wa ya ɗauka?"

"Ka tambayi mujiyar, ita tana wurin."

Zuciya ta ɗebe ni. Na faɗa masa maganganun da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce tsufa ya zo masa da hassada, na ce wanda ya kasa riƙe tasa makiyayar shi ne yake so kowa ya tashi a tutar babu. Kaddur ne ya riƙe mini hannu yana cewa, "Kai ɗan nan, ubanka ne fa a aikin nan." Na fizge, na wuce ofishin Si Allal na sa ya rubuta ƙara. Ya rubuta, amma ya ce sawu kaɗai ba ya karɓe katin mutum, sai an gan shi da ƙwai a hannu.

Na ce zan kawo masa hoton.

Duk wannan bidirin da nake yi, a gida jego ake. Matata Zuhur ta haihu mako ɗaya kafin a sace ƙwan, namiji, muka sa masa Yahya. Kafinsa mun binne biyu, Idris da Hasna, duk ba su kai wata uku ba. Likita a birnin Larash ya ce ciwon zuciya ne da aka haife su da shi, ya kuma duba Yahya ya ce wannan lafiyarsa ƙalau. Ni na karɓi maganar likita na kwantar da hankalina. Mahaifiyata, Lalla Haddum, ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin Zuhur. Tun kafin magariba suke rufe tagogi su toshe kafofi da tsumma, ɗakin ya yi ta turaren harmal, ganyen da ake ƙonawa don tsari, har ido na yaji. Na ɗauka sauro suke gudu. In na dawo ina zage-zagen Bushta a kan akushi, Inna sai ta ce, "Ci abincinka, tsuntsu ne fa." Zuhur kuwa sai dai ta gyara wa yaro zani.

Bayan mako uku Allah ya taimake ni, macen ta sake yin ƙwai, wannan karon can kusa da kyauro. Muka leƙa da Si Allal, guda uku. Ya ce, "Ka sani dai, in aka taɓa waɗannan ba za ta sake ba. Tashi za su yi." Na sani. In sun tashi, ni da Mulud da Ayyad duk ɗaya muke, masu nuna wa baƙi balbela.

Na yi gadi iya ƙarfina. Da asuba ina kan tudun yashi da madubi, da yamma ina turke. Na shafe lakar hanyoyin shiga uku da tafin hannu don kowane sawu ya fito. Na ɗaura baƙin zare tsakanin kyauro. Kwana shida ba abin da ya taɓa su. Ranar Asabar sai na tarar da zaren hanyar gabas a tsinke, ga facin nan a laka, amma sawun ya tsaya a bakin ciyawa, bai shiga ba. Mako na biyu ma haka, ranar Asabar.

Ina zaune a masallaci Juma'ar da ta biyo, liman na huɗuba, sai abin ya faɗo mini. Na ɗaga kai na bi sahu da ido. Gurbin Bushta yana jikin ginshiƙi na biyu, shekara da shekaru. Wani ne a wurin. Na tuna makon jiya ma ban gan shi ba. Wato mutumin nan ya zaɓi sa'a ɗaya tak a mako da babu namiji ko ɗaya a bakin tafki, ya bar sallar Juma'a don ya cuce ni. Ban san abin da liman ya faɗa ba daga nan har aka sallame.

Juma'ar gaba ni ma ban je ba, Allah ya yafe mini. Na sa farar jallabiyata na fita kamar kowa, na zagaya ta bayan maƙabarta, na tuɓe ta na cusa a jaka, na kwanta rub da ciki a kan tudun yashi cikin kyauro. Na aro kyamara mai dogon hanci a wurin wani baƙo. Sauro suka yi ta biki a wuyana, ko motsi ban yi ba.

Ana kiran salla na farko sai ga shi. Ya taho ta hanyar gabas da ƙaton jikinsa, yana waige-waige. Na ɗauke shi hoto uku cikin murna. Sai ya tsaya daidai bakin ciyawar, ya zauna a kan wani dunƙulen ƙasa, ya juya wa sheƙar baya, ya fito da carbi.

Na jira ya tashi, bai tashi ba. Ɓarawon da ke juya wa kayan sata baya ban taɓa ganin irinsa ba. Hanyar gidanmu yake kallo. Na juya madubin in ga abin da yake kallo.

Mace ce ke tahowa, ba takalmi, da malfar kaba irin ta masu yankan ciyawa, lauje a hannu, kwando a baya. Tun kafin fuskar ta fito na gane tafiyar, don ƙafar dama takan ɗan ja tun da saniya ta taka ta. Inna ce.

Bushta ya miƙe ya tare hanya. Ba na jin abin da suke faɗa, amma na ga yana nuna mata wani wajen da ciyawar tabarma ta fi tsawo, na ga ta girgiza kai. Ya buɗe hannuwa. Ta ɗaga laujen, ba don ta sare shi ba, ta dai sa ƙotar a ƙirjinsa ta ture. Ƙato kamar Bushta ya matsa gefe, don ba zai sa hannu a jikin tsohuwa ba. Ta shiga ciyawar kai tsaye, ba lalube, kamar mai zuwa akurkin kajinta.

Ban san lokacin da na bar kyamarar mutane a yashi ba. Na ratsa kyauro da gudu, laka har gwiwa. Kafin in isa macen ta tashi fir daga gaban Inna, ta faɗi can gefe tana jan fiffike kamar karyayye don a bi ta a bar sheƙar.

"Inna!"

Ta juyo. Ko gezau ba ta yi ba. "Ba ka je masallaci ba?"

"Inna, ke ce? Na farkon ma ke ce?"

"Ni ce. Da wannan sarkin shisshigin bai zauna mini a hanya ba, da tuni an gama."

Na dubi Bushta. Ya kawar da kai yana kallon teku. "Na hango ta daga jirgina ranar farko," ya ce. "Kafin in iso ta tafi, na shiga in duba ko ta bar wani. To me kake so in ce a gidan shayi? In ce uwarka ce, a gaban Kaddur?"

Na rasa inda zan sa fuskata, sai na huce a kan Inna. "Kin san abin da kika yi? Abincinmu ne wannan! Gurasar da kike ci, maganin ƙafarki, duk daga tsuntsuwar nan suke fitowa!"

"Rage murya, ba da sa'arka kake magana ba." Ta sauke kwandon. "Kullum magariba ta kan rufin ɗakin yaron nan take bi. Kai kana can kana washe wa Turawa baki, mu muna ciki muna jin ta. Shekarar Idris sheƙarta na nan. Shekarar Hasna tana nan. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da mujiya ke yi wa jariri in ta gifta ta kansa."

"Likita ya ce zuciya ce, Inna. Ya nuna mini hoton."

"Likita ne ya yi musu wanka? Ni na wanke su, da hannun nan. Biyu. Ba zan wanke na uku ba."

"Lalla Haddum," in ji Bushta a hankali, "rai na hannun Allah. Ni 'ya'yana bakwai a bakin fadamar nan aka haife su."

"Naka bakwai suna raye, shi ya sa bakinka ke da faɗi. Yi mini shiru."

Na ce, "Inna, saura kwana kaɗan su ƙyanƙyashe. Ki ba ni wata biyu. In kai Zuhur da yaron gidansu, su zauna can har 'ya'yan su tashi."

"Ta fita da jariri kafin ya yi ƙwari, ta bi ta hanyar nan? Kai dai ba ka san gidanka ba, Jilali. Kana tsammani ni na ƙirƙiro zuwa nan da wannan ƙafar tawa? Matarka ce ta kama ƙafafuna tana kuka. Nononta ya fara ɗaukewa don tsoro. In abin nan ya yi kuka, ƙanƙame yaron take yi har sai na ɓamɓare hannunta kada ta shaƙe shi. Ta ce kada in gaya maka, wai za ka ce ta yi makaranta a banza."

Zuhur da ke karanta mini littafin tsuntsaye na Faransanci tana gyara mini sunaye. Mako bakwai ina kwana a gida ɗaya da ita, na san yawan taku daga turke zuwa sheƙa, ban san ba ta barci ba. Na ji haushin kaina fiye da yadda na taɓa jin haushin Bushta.

Ƙwan na nan a gabanmu, farare, uku, a cikin ramin ciyawa. Namijin ma ya taso, su biyu suna zagaya mu da rana tsaka. Na ɗaga kai na bi macen da ido, ta yi kwana ta bi ta saitin rufin gidanmu ta dawo. Na san ɓera take bi a wurin, kusa da rumbu, na sha gaya wa baƙi haka. Amma wallahi a wannan lokacin sai da gabana ya faɗi.

Inna ta sunkuya da ƙyar, tana dafa gwiwa.

"Bari," na ce.

"Jilali, kada ka sa in yi maka baki."

"Na ce bari, Inna. Bayanki zai riƙe."

Na durƙusa na ɗauke su da kaina, ɗaya bayan ɗaya. Da ɗuminsu. Na sa mata a kwando, ta rufe da ciyawa, ta juya ta nufi bakin ruwa.

Muka rage ni da Bushta. Daga gari ana jin an tayar da salla.

"Baba Bushta," na ce, na ɗauko maganar ban haƙuri.

"Ajiye ta, ba yanzu ba. Me za ka gaya wa Si Allal?"

"Ni na ɗauka."

"Na farkon fa?"

"Su ma ni ne."

"Zai karɓe katinka."

"Na sani."

"To sai gobe ke nan. Yau dai kana da baƙi, ko ka manta? Je ka wanke lakar nan, ka yi kama da ɓarawon kifi."

Na manta kuwa. Wani tsoho ne da matarsa daga Holan, sun ce shekara huɗu suna shirin wannan tafiya. Bayan la'asar na tsayar da su a jikin turke, na kafa musu madubi, na ce su yi haƙuri, wani lokaci sai dab da magariba take fitowa, wani lokaci ma ba ta fitowa.

Ba mu yi minti biyu ba sai ga mujiyar ta tashi. Ta zagaya, ta sauka inda sheƙar take, ta sake tashi. Ta zo har kan turke ta tsaya a iska tana kallonmu, kusa da har ana ganin zoben idonta ba madubi. Ta koma ta sauka, ta tashi, tana wannan kukan, namijin na biye da ita. Haka suka yi ta yi har rana ta faɗa teku. Tsohon ya ɗauki hoto har kyamararsa ta cika, matar tana share hawaye tana cewa ba ta taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba.

Da za su shiga mota tsohon ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce ya yi yawo ƙasashe da yawa, bai taɓa haɗuwa da wanda tsuntsayensa suka yarda da shi kamar ni ba, kuma zai turo mini duk abokansa baɗi.

Na ce masa Allah ya kai mu.